Me Ya Kai Rini Cikin Taliyar Murji?

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin masu sana'ar taliya da masu saye, tun daga nan Dakko har cikin Bakura da Talata Mafara da Maradun: wai taliyar da ba ta yi ruwan ɗorawa ba ba ta cika taliya ba. Wasu har rantsuwa suke yi cewa launin nan shi ne shaidar an sa ƙwai, ko kuma wani sinadari mai ƙara jini. A kan wannan magana kaɗai, sai ka ga uwargida mai tsabta, wadda ba ta yarda ƙuda ya sauka a kwanonta, ta aiki yaro kasuwa ya sayo mata ƙullin wani gari mai launi, babu suna babu lamba, ta jiƙa ta antaya a abincin da 'ya'yanta da 'ya'yan maƙwabta za su ci. Wannan ganganci ne, kuma ya kamata a daina.

Taliyar murji ba ta buƙatar dogon bayani. Fulawa ce da ruwa da gishiri, sai injin hannu mai ƙarafa biyu masu santsi da ke shimfiɗa kwaɓi, da haƙoran da ke yanka shi sili-sili. Kakanninmu sun san taliya tun kafin injin ya zo, da garin alkama da tafin hannu suke murza ta. Samfurin injin na Italiya ne, inda kamfanoni irin su Imperia da Marcato suke ƙera shi tun shekarun 1930, kodayake akasarin waɗanda ke kasuwanninmu yau daga ƙasar Sin ake kawo su.

To, daga ina aka samo zancen rawaya? Daga kwaikwayo. Taliyar kamfani ta ainihi, wadda muke kira ta leda, da wani jinsin alkama mai tauri ake yin ta, wanda ƙwayarsa tun daga gona take da launin rawaya-rawaya. Ita kuwa taliyar da matan Italiya ke murzawa a gida, ƙwai ne ke ba ta launi, don suna fasa ƙwai ɗaya a kan kowane giram 100 na gari. Mu fulawarmu ta burodi ce, fara tas, kuma babu mai sana'ar da za ta iya sa ƙwai 10 a kilo guda ta sayar a farashin da yara ke saye a ƙofar makaranta. Sai aka ɗauki gajeriyar hanya: a bar abin da ke kawo launin, a zuba launin kawai. Kala ba ta da ɗanɗano, ba ta ƙara jini, ba ta ƙara ƙarfi, ba ta hana taliya caɓewa. Ido kawai take ruɗa.

Ba na cewa kowace kala guba ce. Akwai wadda aka yi don abinci, irin su tatrazin mai lamba E102, tana zuwa a kwalba ko gwangwani mai sunan kamfani da lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Ko ita ɗin ma ba a sake mata mara ba. Tun daga 2010, Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta gargaɗi a jikin duk abincin da ke ɗauke da ita da wasu launuka biyar, cewa suna iya shafar natsuwar yara. Wannan ke nan wadda aka san asalinta, aka auna ta. Ina ga wadda aka ɗebo daga buhu aka ƙulla a leda, a rumfar da ake sayar da shuni da garin rinin tufafi a gefe guda? Mai rumfar kansa, in ka tambaye shi abin da ke ciki, iyakar amsarsa ita ce: "Haka aka kawo mana."

Abin da ya sa na damu shi ne an sha kama irin wannan a wurare da dama. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta gano rinin masana'antu da ake kira Sudan a cikin manjan da ake sayarwa a kasuwannin Akara, rinin da aka haramta sa shi a abinci saboda an ga yana haddasa ciwon daji ga dabbobin gwaji. A Indiya an daɗe ana fama da wani rini mai rawaya da aka hana, amma 'yan kasuwa na zuba shi a kayan zaƙi da kayan miya. Mafi muni shi ne na Bangaladash, inda masu bincike daga Jami'ar Stanford suka bayyana a 2019 cewa ana shafa wa kurkum wani garin fenti mai rawaya don ya yi kyau a ido, garin da dalma ce a cikinsa, har aka ga ta a jinin mutane.

Dalma kuwa, ba sai an yi wa Bazamfare bayaninta ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, wani lokaci ma da injin da ake niƙa hatsi. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu. Jihar da ta ga wannan da idonta bai kamata a ce a cikinta ne ake zuba garin da ba a san asalinsa ba a abincin yara ba.

Na taɓa yi wa wata dattijuwa mai murza taliya wannan magana. Na ce, "Inna, kalar nan fa da kuka bar ta." Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai sai an dafa ake ci, wuta kuwa ba abin da ba ta kashewa." Wannan ita ce hujjar da kowa ke kawowa, kuma kuskure ce babba. Tafasa na kashe ƙwayoyin cuta ne saboda suna da rai. Rini ba shi da rai, dalma ba ta da rai. Ko kwana aka yi ana tafasa su suna nan yadda suke. Shaida ma tana cikin tukunya: bayan an tace taliya, ba da launinta take fitowa ba? Wasu kuma su ce ai tun muna yara muke ci, ba abin da ya same mu. Irin wannan guba ba ta kayar da mutum nan take balle a gane ta. Taruwa take yi a hankali a ƙashi da jini, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, a wayi gari a ce yaron ba ya gane karatu, a ɗora laifin a kan malami ko iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Hujja ɗaya ce nake ganin tana da nauyi, ita ce ta kasuwa: fara ba ta shiga, in yarinya ta fita da ita sai ta dawo da kwantai. Gaskiya ne, kuma wannan laifin masu saye ne, zan zo kansu.

 

Iyayena mata da ƙannena, ga abin da ke sa taliya ta yi kyau ba tare da ƙullin kowa ba. Ku sayi fulawa daga buhun da ke da suna, don tun 2002 doka ta sa a riƙa ƙara mata bitamin A, kuma alamar ido da ke jikin buhun ita ke nuna haka. In alkamar gida za ku niƙa, ku tabbata injin hatsi kaɗai yake niƙawa. Ku tankaɗe. A kilo ɗaya na fulawa, ruwa bai wuce kashi uku cikin huɗu na ledar fiyawata ba, da ɗan gishiri. In da gwangwani kuke awo, fulawa biyar ruwa ɗaya, sai a yi ta yayyafawa in ya ƙi haɗuwa. Kwaɓin taliya tauri yake so, ya yi laushi irin na fatar kunne amma kada ya manne a yatsa. Ku murza shi sosai, sannan ku rufe da leda ko kwano ya huta kamar minti 30. Wannan hutun shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa, sai kwaɓi ya riƙa yagewa a inji su ce fulawar ce ba kyau. Danƙon alkama ne bai saki ba.

Ku yanka kwaɓin ƙanana, ku fara da lambar da bakin inji ya fi buɗewa, ku ninka ku sake turawa har ya yi sumul, sannan ku riƙa matse bakin lamba bayan lamba. Wadda ta yi tsalle daga ta farko zuwa ta ƙarshe ita ke karya haƙoran injinta. A barbaɗa busasshen gari kafin a kai wajen yanka don kada silin su haɗe.

In dai launi ake so, yana cikin madafi. Ruwan karas da aka goga aka tace, ko dafaffiyar kabewa da aka dama, ko cokali ɗaya na manja mai kyau, duk suna ba da launi, suna kuma ƙara amfani. Kurkum ma ya yi, amma ku sayi saiwarsa ku daka da kanku. Ƙwai ya fi duka daɗi, sai dai taliyar ƙwai ta ci ce a ranar, ba ta ajiya ba ce a zafin garin nan. Wadda ta ce lallai sai kala, to ta sayi ta kwalba mai lamba, ta sa ɗigo kaɗan.

Wajen shanya, igiyar taliya daban take da ta wanki. A goge ta, a ɗaura a ɗaki ko rumfa mai iska, nesa da kaji da makewayi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kuma iskar na busar da ita da sauri har ta kakkarye, don haka a rufa mata siririn mayafi mai tsabta. Da damina kuwa hunhuna ce, kada a kwashe a sa a leda sai sili ya karye ƙas in an lanƙwasa shi. Wadda ta yi ɗigo-ɗigon baƙi ko kore, ko take warin tsami, a zubar, kada a ce za a wanke. Ɗanya minti 3 zuwa 4 ya ishe ta a ruwa mai yawa da ya riga ya tafasa, busasshiya ta ɗan fi haka.

Shi kuma injin ba a wanke shi da ruwa, tsatsa yake yi daga ciki. A bari kwaɓin da ya maƙale ya bushe, a kakkaɓe da buroshi, a goge da busasshen tsumma. Sabon inji, ko wanda aka aro daga maƙwabta, a fara tura masa guntun kwaɓi ya kwashe maiƙo da dattin da ke ciki, a jefar da guntun. In ya fara ƙara, ɗigon man gyaɗa a gefen ƙarafan ya wadatar. Na ga masu ɗiga masa baƙin mai ko man keken ɗinki, wannan da kalar ƙulli duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Saura ku masu saye, musamman magidanta da ke ba yara kuɗin tara. Mai sana'a abin da kuke nema take yi. Ku ce wa yaranku su sayi fara, in kun shiga kasuwar Mafara ranar Talata ku tambayi fara, in kuma kun ga mai launi ku tambayi abin da aka sa mata. Malaman duba-gari na ƙananan hukumominmu uku kuma, don Allah ku leƙa rumfunan da ake ƙulla garin nan, ku raba na abinci da na rini.