Tagwayen motoci a Gyadi-Gyadi: tambari muke saya ko inji?

Ranar wata Asabar bayan sallar La'asar ƙanena ya zo gidana a Tarauni da wata buƙata. Shekara huɗu ya yi yana tara kuɗi daga albashinsa, ga shi ya ga motoci biyu a wurin wani dillali a Gyadi-Gyadi, ya rasa wadda zai ɗauka. Ya ce, "Yaya, kai ne mai binciken littattafai, zo ka raba mini gardama." Na tuna masa cewa digirina na uku bai shafi inji ba, kuma motar da nake hawa ta girmi babbar 'yata. Duk da haka na bi shi, domin kuɗin da ya ambata sun fi ƙarfin a bar yaro ya yanke hukunci shi kaɗai.

Motocin irin masu ƙofa biyu ne, gajeru, masu kwanciya a ƙasa kamar kadangare. Fara tana ɗauke da tambarin Toyota, shuɗiya kuma Subaru BRZ ce, dukkansu ƙirar 2014, dukkansu daga Amurka aka shigo da su. Dillalin ya ɗora wa farar kuɗi sama da na 'yar uwarta da tazara mai yawa. Da na tambayi dalili sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Dakta, Toyota ce fa. Ko gobe ka gaji da ita, kuɗinka na nan."

Maganarsa tana da tushe. A Kano sunan Toyota ya zama tamkar takardar shaida. Ko wane bakanike ya san cikin Corolla da Camry kamar yunwar cikinsa, kayan gyaransu kuma jibge suke a Ƙofar Ruwa. Wanda ya sayi Toyota yana ganin ya yi ajiya ne. Sai dai wannan karon lissafin ya sha bamban, kuma shi ya sa na ga ya dace in rubuta.

Waɗannan motoci biyu Hassan da Hussaini ne. Tun 2005 Toyota ta sayi hannun jari a kamfanin Fuji Heavy Industries, mai ƙera Subaru, daga baya suka haɗa kai suka fitar da mota ɗaya mai sunaye uku a 2012: Toyota 86, da Subaru BRZ, da Scion FR-S wadda aka sayar a Amurka da Kanada. Duka a masana'antar Subaru da ke Gunma ta ƙasar Japan aka haɗa su. Injin ɗaya ne, mai lita 2.0 da ƙarfin doki kusan 200, tayoyin baya ne ke tura motar. Toyota ta ba da fasahar fesa mai da yawancin zanen jiki, amma injin kansa na gidan Subaru ne, irin wanda silindoji huɗunsa suke kwance, biyu dama biyu hagu, maimakon su tsaya a jere kamar na Corolla.

Da na san haka, sai wani abu ya ɗaure mini kai. A 2014 babu wannan mota da sunan Toyota a kasuwar Amurka; sai da aka rufe Scion a 2016 ta koma Toyota 86. Na buɗe ƙofar direba na duƙa na karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Sunan Fuji Heavy Industries ne a rubuce, lambar shasi kuma ta fara da JF1, daidai da ta shuɗiyar. Ashe Scion ce aka cire mata tambari aka liƙa na Toyota. Ban kira wannan zamba ba, domin masu irin motar da yawa a can ƙetare ma suna yin haka don sha'awa, kuma Scion ɗin ai 'yar gidan Toyota ce. Amma ƙarin kuɗin da ake nema a wurin ƙanena na wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba.

Akwai bambanci na gaskiya tsakaninsu, sai dai ƙanƙane ne. An ɗaure ƙafafun bayan Scion da ɗan tauri, don haka bayanta ya fi saurin zamewa a kwana, abin da matasa masu wasa da mota suke so. Subaru ta fi natsuwa, ta kuma zo da fitilu masu haske da wasu kayan ƙawa a ciki. Mai tuƙi a filin tsere zai ji wannan bambanci a jikinsa. Mai fitowa daga Court Road ya shiga titin Zariya da ƙarfe takwas na safe, Adaidaita Sahu a gabansa, wata a bayansa, ba zai taɓa sanin akwai shi ba.

Abin da zai sani kullum shi ne tsayin motar daga ƙasa, wanda bai wuce santimita 13 ba. Duk tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu a lungunan Tarauni sai ta gaishe shi da cikinta. Ruwan Agusta kuwa, idan kwatoci suka cika suka tumbatsa, hikima ita ce a bar ta a gida. Sannan injin an yi shi ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, ga tsadarsa tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Duk wannan bai bambanta fara da shuɗiya ba.

Washegari muka ɗauko bakaniken da ya shekara goma yana duba mini mota. Dattijo ne mai gaskiya. Ya buɗe bonet ɗin farar, ya tsaya ya yi shiru, ya leƙa dama ya leƙa hagu yana neman fulogi. Can ya ce, "Malam, wannan ba Toyotar da na sani ba ce." Fulogan suna can gefe a matse da jikin mota, har littafin kamfanin ya ce a ɗan ɗaga injin kafin a canza su. A nan na ga haɗarin tambarin. Mai Subaru ya san baƙuwa ya saya, zai nemi wanda ya iya ta, ya yi odar kayanta tun kafin su lalace. Mai tambarin Toyota kuwa zai saki jiki ya kai ta ko wane gareji, a ɗura mata baƙin mai mai kauri irin na tsohuwar Camry alhali siriri take sha, ya kuma je Ƙofar Ruwa yana neman abin da babu.

Saboda haka na ce wa ƙanena mu bar gardamar suna, mu tambayi tarihin kowace mota ita kaɗai. Yawancin irin waɗannan motoci matasa ne suka hau su a can, kuma da dama daga cikin waɗanda ke isowa nan daga gwanjon motocin da suka yi haɗari aka sayo su. Muka biya kuɗi kaɗan muka binciki lambobin shasin a intanet. Farar ta taɓa dukan wani abu da gaba har jakar iska ta fashe. Hotunanta na ranar gwanjo suna nan, fuskarta a rugurguje. Shuɗiyar ƙanƙara ce ta lotsa mata rufi da bonet, ba abin da ya taɓa ƙasusuwanta. Bakanike ya shiga ƙarƙashin farar da fitila ya nuna mana inda aka yi walda aka shafe da baƙin fenti.

Ban ɓoye wa ƙanena ra'ayina ba: da kuɗina ne, mota mai ƙofa huɗu zan saya, domin kujerun bayan waɗannan ko yaro ɗan firamare sai ya naɗe ƙafa. Amma shi saurayi ne, guminsa ne, kuma ni ma a shekarunsa na yi mafarkin abin da ya fi wannan rashin kan gado. Ya ɗauki shuɗiyar, bayan dillali ya rage masa wani abu, yana ta gargaɗinsa cewa ranar sayarwa zai tuna da shi. Mai yiwuwa ne ya tuna ɗin, don kasuwarmu ba ta san Subaru ba.

Daga wurin dillali gida muka wuce don Hajiya ta sa albarka. Ta fito ta zagaya motar sau ɗaya, ta yi addu'a, sannan ta leƙa ta taga ta dubi kujerun baya ta ce, "To Auta, ranar asibitina a ina zan zauna?" Har yau ni nake kai ta.