Ƙarin fitila a babur: wurin da aka ɗaura ta ya fi ƙarfin haskenta muhimmanci

Da zarar magariba ta yi a Maradi, Damagaram ko Tawa, za ka ga baburan 'yan kabu-kabu da na samari ɗauke da ƙananan fitilun LED masu farin haske. Dalilin sayensu a fili yake: fitilar da babur ke zuwa da ita ba ta isa ta nuna ramuka, dabbobi da amalanken da ke tafiya babu fitila a kan babbar hanyar RN1 ko hanyoyin ƙauye ba. Sai dai da yawa suna kashe kuɗi a kan fitila mai ƙarfi, sannan su ɗaura ta inda za ta cutar da su da masu tahowa.

Wurin da aka fi zaɓa shi ne saman kan babur, kusa da madubi. Amfaninsa, hasken yana bin inda aka juya kai kuma yana kai wa nesa. Illarsa, yana dukan idon mai tahowa kai tsaye, kuma direban da haske ya kashe wa ido ba ya iya auna tazarar da ke tsakaninku. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin hasken da ke kusa da tsayin ido yana bugun ƙura ya dawo wa matuƙin, sai ya ga farin bango a gabansa.

Fitilar da aka ɗaura ƙasa, a jikin ƙarfen kariya da ke gaban inji, tana shimfiɗa haske a kan hanya, ramuka da tudun yashi su fito da inuwarsu. Idan guda biyu ne, hagu da dama, suna haɗuwa da babbar fitila su zama kusurwa uku, abin da ke taimaka wa mai mota ya gane babur ne da kuma nisansa. Amma ba ta juyawa da kan babur a kwana, kuma ita ke fara bugun ƙasa idan an faɗi. Ɗaura ta dab da tayar gaba kuwa yana haɗa ta da girgiza, tsakuwa da ruwan damina.

Bayan ɗaurawa, sai saiti. A tsayar da babur mita 5 daga bango, matuƙi yana zaune a kai, a tabbatar saman hasken bai kai tsayin fitilar daga ƙasa ba. A sake gwadawa da fasinja ko buhu a baya, domin nauyi yana ɗaga gaban babur, hasken ya koma idon jama'a.

Wajen wuta, fitila biyu masu wat 10 kowacce sun wadatar; manya suna shanye batirin ƙaramin babur. A sa fis, a ba su makunninsu daban don a kashe a cikin gari ko idan mota ta taho, a kuma haɗa su ta yadda za su mutu idan an zare makulli. Fitilu masu walƙiyar shuɗi da ja na jami'an tsaro da motocin asibiti ne, a bar musu.

Ga 'yan ci-rani da ke aiko da kuɗin babur gida, kuɗin aikin gwanin mai haɗa wuta ya cancanci shiga lissafi tun farko, kafin ƙane ya fara fita da dare.