Wutar gida cikin mota: a yi lissafi kafin a sayi inbata

Kwanan baya, a cikin shirin da nake gabatarwa a rediyo, wata hajiya mai cin kasuwannin ƙauye ta bugo tarho ranta a ɓace. Ta sayi inbata, wato na'urar nan da wasu ke kira kombertisar, domin ta riƙa kunna ɗan firigo a cikin mota, zoɓo da lemun da take saidawa su isa kasuwa da sanyinsu. Direba ya soka shi a ramin kunna sigari, ba su yi nisa ba sai ƙaurin roba ya cika motar, ashe waya ce ta narke. Allah ya kiyaye ba a yi gobara ba. Tambayarta ita ce: jabu aka saida mata? Mai yiwuwa na'urar lafiyarta lau, kayan da aka aza mata ne suka fi ƙarfin hanyar da aka haɗa ta.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 yake badawa, manyan kamiyo kuwa galibi bolt 24, alhali kayan gida wutar bolt 220 suke so, irin wadda NIGELEC ke kawowa. Aikin inbata shi ne ya juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ba ya ƙirƙiro wuta, duk abin da ya bayar daga batir ya zuƙo shi. Saboda haka tambaya ta farko a gaban mai kanti ita ce: na bolt 12 ne ko na 24, kuma 220 yake fitarwa? Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka sau da yawa na bolt 110 ne, ba su dace da kayanmu ba.

Abu na biyu shi ne wat, ma'aunin cin wuta da ake rubutawa a jikin kowane kaya. Cajar salula ba ta cika wuce wat 5 zuwa 20 ba, kwamfutar hannu 45 zuwa 90, amma dutsen guga yana cin 1000 ko fiye, butar dafa ruwa kuwa 1500 zuwa 2000. Sai mutum ya tara wat ɗin duk abin da zai kunna a lokaci guda, ya ƙara kashi ɗaya bisa huɗu a kai, ya nemi inbatan da ya kai wannan adadi. A kula da lambar da ke jikin kwali: babbar da aka rubuta da manyan baƙaƙe sau da yawa ƙarfin ɗan ƙiftawar ido ce, wanda na'urar ke iya ɗauka yini guda kuwa kusan rabinta ne. Shi kuma firigo, duk sa'ad da injinsa zai tashi yakan fizgi ninki uku ko fiye na wutar da yake ci in yana tafiya.

Ga lissafi mai sauƙi ga motar bolt 12: a raba wat gida goma, abin da ya fito shi ne amper ɗin da za a ja daga batir. Wat 100 amper 10 ke nan, wat 1000 kuwa amper 100. To, ramin kunna sigari fizibul ɗinsa na amper 10 ne zuwa 15, ke nan abin da ya haura wat 150 ba wurinsa ba ne. A nan ne wasu ke jawo wa kansu masifa: fizibul ya ƙone, sai a ɗaura guntun waya a madadinsa. Fizibul shi ne mai gadi, in an kore shi wayoyin mota ne za su ƙone a maimakonsa.

Babban inbata kai tsaye ake haɗa shi da batir, da waya gajera mai kauri irin na wadda ke kan batirin, a sa fizibul dab da kan batir ta ɓangaren ja. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, domin in aka juya su na'urar na iya ƙonewa nan take. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, ba na yaron mota ba.

Sai kuma batirin kansa. An yi shi ne don tada mota, ba don ya yini yana ba da wuta ba. Batir mai amper 60, in aka aza masa wat 100 mota na kashe, cikin awa uku ya sha rabi, kuma daga nan tashin mota sai an yi sa'a. Wanda ya ci kasuwar Maraɗi ran Juma'a ko ta Dole a Damagaram ran Alhamis, ya bar inbata kunne tun safe, da marece turi zai nema. Ko ba a soka masa kome ba yana ɗan shan wuta, don haka a kashe shi in an gama. Mai buƙatar wuta yini guda gara ya tanadi batir na biyu, irin na sola. Kuma kada a bar injin mota yana aiki a cikin gareji ko shago a rufe, hayaƙinsa na kisa.

Inbata iri biyu ne. Mai araha wutarsa ba ta da santsi, ya isa ga ƙwan fitila da yawancin cajoji, amma yana sa firigo da fanka gurnani da zafi. Mai tsada, wanda ake rubuta "pure sine" ko "pur sinus" a jikinsa, wutarsa daidai take da ta gida, shi ya dace da duk abin da ke da inji.

Zafi ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. A ajiye inbata a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a danne shi da buhu ko bandir ɗin atamfa, a riƙa kakkaɓe ƙurar fankarsa. Kada ya kusanci jarkar fetur, tartsatsi guda ya isa. Kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, a kuma nisanta shi da yara, domin bolt 220 na cikin mota yana kisa kamar na gida.

Wanda salula kaɗai zai caja ba ya ma buƙatar inbata, ƴar cajar da ake sokawa a ramin sigari ta wadatar. Ita ma hajiyarmu shawarar da muka ba ta ke nan: ta nemi firigon da aka yi don mota, mai aiki da bolt 12, ko ta koma ga kula da ƙanƙara. Ƴan kasuwa maza da mata, ba ku sayen buhu sai kun auna, to wuta ma a auna ta. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya ba da kasuwa mai albarka.