Hatsarin Dogaro da Siffar Kwamfuta Wajen Sayen Kayan Yaƙi

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani hatsari da ke tattare da sayen kayan yaƙi a wannan zamani. A da, akan ƙera jirgi a gwada shi kafin a yi ciniki. Yanzu kuwa akan zana siffarsa cikin kwamfuta, a gwada ta a can, sannan a ƙulla yarjejeniya bisa abin da ta nuna.

Alal misali, a 2018 rundunar sojan saman Amurka ta ba kamfanin Boeing kwangilar dala biliyan 9.2, wadda ta ƙunshi jiragen horo 351 samfurin T-7A da aka tsara ta wannan hanya. Da aka zo gwaji na zahiri, sai aka tarar kujerar da ke cilla matuƙi waje lokacin hatsari tana iya raunata matuƙi mara nauyi. Wannan na cikin abubuwan da suka jawo wa aikin jinkirin shekaru.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka ɗura mata. Mazaunin birnin Zariya ya san yadda ƙurar hunturu ke turnuƙe sama har ganuwa ta ɓace wa ido. Ba lalle ne siffar da aka gina bisa yanayin Turai ta lissafa ɓarnar da wannan ƙura ke yi wa inji ba.

Saboda haka, kafin Nijeriya ta biya kuɗi, wajibi ne ta binciki tushen bayanan da aka ɗura, ta kuma gwada kayan a ƙasarta, domin gani ya kori ji.