Kayan Girki: Wanne Ne Ya Ci Kuɗinsa?

Duk wanda ya leƙa jeren amarya a Zuru cikin 'yan shekarun nan ya ga abin da nake nufi: firij, bulanda da na'urar ɗumama abinci an jera su reras, iyaye kuwa sun shiga bashi. Koma gidan bayan wata shida, za ka tarar da bulandar tana cikin kwalinta, domin wutar lantarki ba ta san lokacin markaɗe ba. Yaro ne dai a kan hanyar inji da bokitin tattasai.

A ƙasar da tuwon dawa ke ciyar da gida, tukunyar dalma ce ta ci kuɗinta. Gindinta mai kauri yana jure tuƙi da muciya, in ta hude maƙeri ya liƙe ta, har uwa ta bar wa 'yarta gado. Turmi ma ya dawo da martabarsa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin niƙa ya hau.

Cikin kayan zamani, tukunyar tururi mai kulle murfi kaɗai nake ganin ta cancanci tsadarta. Matsin tururin yakan kai zafin ruwa wajen digiri 120 maimakon 100, sai wake ya nuna cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba. Uwargidan da ke sayen iskar gas kilo-kilo ta fi kowa sanin amfanin wannan, ko da yake har yanzu mata da yawa na tsoron hucinta.