Yadda Mai Sha'awar Ɗaukar Hoto Zai Sami Kuɗi

A Hanwa akwai samari da yawa masu sha'awar ɗaukar hoto. Suna ɗaukar abokansu, suna ɗaukar dawaki ran hawan Salla, amma ko kwabo ba ya shiga aljihunsu. In ka tambaye su sai su ce, ai yanzu kowa yana da waya, wa zai biya a ɗauke shi? Gaskiya ne, ɗauka ta yi arha. Amma hoton da ke cikin waya ba ya mannuwa a takardar makaranta, ba a kuwa rataye shi a bango. Kuɗin yana wurin wanki, watau fitar da hoton a takarda.

Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1888 wani mutumin Amurka, George Eastman, ya fito da kyamara mai suna Kodak. Tana ɗaukar hoto 100. In ta cika sai mai ita ya aika da ita kamfani, ya biya dala 10, a wanke masa hotunan, a sa masa sabon fim. Ka ga tun farko mai wanki yake ci, mai ɗauka yake biya.

To, ka fara da hoton fasfo, ƙaramin nan na kai da kafaɗa. Mai neman makaranta yana bukatarsa, mai neman aiki ma haka, banki kuma kan nema. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana Samaru ba nisa da mu, ga wani ɓangarenta a Kongo. Kowace shekara sababbin ɗalibai suna zuwa da takardun cikewa.

Aikin ba wuya. Ka sami farin ƙyalle mai tsabta ka rataya a bango. Ka zaunar da mutumin a inuwa, ya fuskanci inda haske yake fitowa. Kada ka tsai da shi cikin rana tsaka, gama zai runtse ido, hularsa kuma ta yi masa duhu a fuska. Ka goge gilashin kyamara kafin ka ɗauka, musamman da hunturu, lokacin ƙura.

Yanzu sai lissafi, nan ne karatunmu na aji zai yi maka rana. Takardar hoto mai inci 4 da inci 6 tana cin fasfo 8. Akwai ƙaramin injin wanki da ake kira Canon Selphy, ana sayar da takardarsa 108 a kwali ɗaya tare da tawada. In ka yi 108 sau 8, ka sami 864. Raba kuɗin kwali da 108, ka san abin da takarda ɗaya ta ci. Ƙara kuɗin caji da na mota, da ɗan abin da za ka ajiye domin gyaran inji. Abin da ya hau kan wannan shi ne riba. Wanda bai da inji tukuna ya tara hotunan yini, ya kai shagon wanki gaba ɗaya, don kada kuɗin mota ya cinye shi.

Biki da suna sun fi kawo kuɗi a dunƙule, amma a nan ake yawan faɗuwa. Mutane kan ce, “Mai hoto, ɗauke mu!” Ka wanke, ka kawo, ba wanda ya karɓa. Saboda haka ka yi ciniki da mai biki tun da wuri, ka karɓi kafin alƙalami, ka rubuta sunansa da yawan hoto da ranar karɓa a littafinka. Kada ka wanke abin da ba a biya rabinsa ba.

Mata masu karatu, wannan sana'a taku ce ma. Namiji iyakarsa zaure, amma mace tana shiga har ɗakin amarya ran kamu da ran walima, inda aka fi son hoto. A ganina ita ta fi kowa kasuwa.

Akwai waɗanda ba su son a ɗauke su sam, saboda haka ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Hoton matar aure kuwa, in ka ba mai shi, ka share shi daga wayarka a gabansa. Kada ka sa shi a Facebook don talla sai in shi ya ce ka sa.