Tsarin Hanyoyin Unguwa Da Ciwon Damuwa Ga Tsofaffi

In an yi maganar lafiyar tsoho, abin da kan fara zo mana a rai shi ne abinci da magani da likita. Ba safai mu kan tuna da hanyar da ta bi ta ƙofar gidansa ba. To, wannan hanya ita na ke so mu duba a cikin wannan fitowa, gama masu bincike sun lura yadda aka shata hanyoyin unguwa yana da hannu cikin jin daɗin tsofaffi da ƙuncinsu.

Bari mu fara da cutar kanta. Kowa ya kan yi ɓacin rai na kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Amma in mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace kusan kullum, abin da ya ke sha'awa dā ya fita ransa, barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya daina yi masa daɗi, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, to, wannan likitoci ciwo su ke kiransa, watau ciwon damuwa. Ga tsoho ya kan ɓuya ƙwarai, don sai ya riƙa kukan ciwon jiki da kasala da mantuwa, 'ya'yansa kuwa su ce, "Ai tsufa ne." Alhali kuwa ciwo ne mai magani.

Kada wani ya zaci cutar Turawa ce. A cikin 2007 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka samu bayan sun tambayi tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa. Kimanin kashi 7 cikin ɗari sun yi fama da ciwon mai tsanani a cikin shekarar da ta gabaci tambayar, kashi 26 kuwa ya taɓa kama su a rayuwarsu. Ya fi yawa ga mata, ya kuma fi yawa ga mazauna birni bisa ga mazauna ƙauye. Wannan na ƙarshe shi ya kamata ya tsai da mu. Birni ga jama'a, ga asibiti, ga kasuwa, me zai sa tsohon birni ya fi na ƙauye ƙunci? Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikin waɗanda ya kamata a duba yana shimfiɗe a ƙasa, muna taka shi kullum.

Saurayi duk gari nasa ne. In ya ga dama ya hau keke ko mota ya tafi inda ya so. Tsoho kuwa duniyarsa ƙanƙancewa ta ke yi. Ya bar aiki, gwiwa ta yi rauni, ido ya rage, sai ya zamana iyakar inda ƙafarsa ta kai shi nan ce iyakar duniyarsa. In masallaci ko coci, da mai shayi, da kasuwa, da gidan aboki suna cikin wannan ɗan da'ira, zai fita kullum. Fitar nan kuwa abu uku ta ke ba shi. Na fari, motsa jiki, wanda an tabbatar yana rage ciwon damuwa. Na biyu, haɗuwa da mutane, ko da gaisuwa ce kawai ta bakin hanya. Na uku, ya ji har yanzu yana iya biyan bukatarsa da kansa, ba sai ya jira jika ya komo daga makaranta ya aike shi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. In aka hana ƙafa tafiya, zumunta ta tsaya ke nan.

Yanzu mu duba yadda a kan shata hanyoyi. Akwai unguwar da hanyoyinta suka sassarƙe da juna kamar saƙar tabarma, mararraba kusa da mararraba, ko ina ka nufa kana da hanya biyu ko uku. Akwai kuma wadda aka yi ta kamar itace: babban titi guda shi ne gindi, ƙananan hanyoyi suna fita daga jikinsa kamar rassa, kowace ta je ta toshe ba ta ɓulle ba. Mai mota ba ruwansa da wannan bambanci. Amma a misali, a ce tsakanin gidan tsoho da kanti yadi 200 ne in an miƙe. A unguwa ta fari zai yi tafiyar da ba ta fi yadi 300 ba. A ta biyu, tilas ya fita babban titi, ya zaga, ya sake shiga wani reshe, watakila ya yi rabin mil. Mai shekara 75 zai gwada sau ɗaya ko sau biyu, sa'an nan ya haƙura ya zauna gida.

An auna wannan a Amurka, a yankin birnin Siyatil. Likita Ethan Berke da abokansa suka ɗauki tsofaffi 740, suka duba taswirar unguwar kowannensu, suka ba ta maki bisa ga sauƙin tafiya da ƙafa zuwa wuraren bukata. Suka bayyana a 2007 cewa mazan da ke zaune a unguwanni masu sauƙin tafiya, alamun ciwon damuwa sun fi ƙaranci gare su. Ga mata kuwa ba su ga wannan bambanci ba.

Sai dai sarƙewar hanyoyi kaɗai ba ta isa ba, sai an duba abin da ke gudu a kansu. Wajen 1970 wani malamin tsarin birane mai suna Donald Appleyard ya gwada tituna uku masu kama da juna a San Faransisko. Ɗaya mota wajen 2,000 ke bi ta kansa a yini, ɗaya 8,000, ɗaya 16,000. A titin da motoci ba su da yawa, kowane mutum yana da abokai wajen uku a cikin maƙwabtansa. A wanda motoci suka fi yawa, in an raba, kowa bai cika aboki guda ba. Titi ya zama kamar kogi a tsakiyar unguwa, na wannan gaɓa ba ya sanin na waccan. Wa ya fi shan wahalar ƙetare wannan kogi? A Ingila an tsara fitilun ƙetare titi bisa ga cewa mutum zai yi mita 1.2 cikin sakan guda, watau kimanin ƙafa 4. A wani bincike da aka bayyana a 2012, sai aka tarar kashi 76 cikin ɗari na maza masu shekara 65 zuwa sama, da kashi 85 na mata, ba su kai wannan sauri ba. Tun suna tsakiyar titi fitila za ta juya.

Akwai kuma maganar fuskar gida. A wata unguwa ta birnin Miyami, inda tsofaffi 'yan asalin Kuba suka yi yawa, an duba gine-ginen da su ke ciki. Waɗanda gidajensu ke da baranda ko matakala a bakin hanya, inda mutum zai zauna ya ga masu wucewa su ma su gan shi, sun fi jin suna da masu taimakonsu, wannan kuwa ya tafi tare da ƙarancin ƙuncin zuciya. Ko ba a faɗa ba, mai karatu ya ga zaure da dakali a cikin wannan labari.

Lalle ne a nan in yi gargaɗi, kada mu ɗauki abin ya wuce iyakarsa. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yiwuwa ne masu ƙarfin jiki su ne tun farko suka zaɓi unguwar da za su riƙa yawo. Har ma a birnin Perth na Ostareliya, a 2011, an duba tsofaffi maza fiye da 5,000, aka sami ciwon ya fi yawa a inda kantuna suka cakuɗa da gidaje. Abin da ni na fahimta shi ne, cinkoso dabam, zumunta dabam. Tsoho yana iya zama cikin hayaniyar dubban mutane alhali ba wanda ya san sunansa. Talauci, da ciwo mai daɗewa, da mutuwar miji ko mata, su ma manyan dalilai ne waɗanda gyaran hanya ba zai kawar ba.

To, mu komo gida. Tsofaffin garuruwanmu, irin su cikin birnin Kano da Zariya da tsakiyar Ibadan, ba injiniya ne ya shata su ba, ƙafa ce ta shata su. Lungu ƙunci gare shi, ga karkacewa, amma mota ba ta shiga, kuma ya kan ɓulle da kai wani lungun. Dattijo ya fito zaure ya zauna bisa dakali, kafin azahar ya gaisa da mutum hamsin. Tsohuwa ta yafa mayafinta ta bi lungu, ta shiga nan barka, can gaisuwar rashin lafiya. Ban ce lungu ba shi da aibi ba. Ga kwata a buɗe, ga duhu da dare, ga 'yan acaɓa da suka mai da shi titi. Amma yana kai tsoho wurin mutane.

Dubi kuma sababbin unguwanninmu. Gida a bayan doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba zaure, ba inuwa, ba wurin zama. A Ikko da sauran manyan garuruwa a kan sa ƙyaure a bakin layi saboda ɓarayi, wani ƙyauren a bar shi a kulle har da rana, sai hanyar da dā ta ɓulle ta zama toshe. Inda aka faɗaɗa titi kuwa, a kan sa shinge a tsakiya a gina gadar ƙafa mai dogon tsani, wadda mai ciwon gwiwa ba zai iya hawa ba. Sau da yawa ɗa ya kan ɗauko mahaifiyarsa daga tsohuwar unguwa ya kawo ta irin wannan gida don ya hutasshe ta. Ga abinci, ga fanka, ga talabijin, amma bayan 'yan watanni sai a ga ta yi shiru, ta rame, tana cewa a mai da ita gida. Iyali su ce rigimar tsufa ce. Ya kamata su duba ko kaɗaici ne ya fara yi mata illa.

Gyaran ba duka ne mai tsada ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora bayan ta ji ta bakin tsofaffi a birane 33, kuma cikin abubuwan da suka roƙa akwai wurin zama a bakin hanya, da daɓe mai kyau na masu tafiya a ƙasa, da isasshen lokacin ƙetare titi. A Singafo, tun 2009, tsoho ya kan taɓa katinsa a jikin fitilar titi ta ƙara masa 'yan sakan. Mu ma muna iya dasa darbejiya mu ajiye benci a gindinta, mu rufe kwata da sulab, mu bar ƙaramar ƙofa ta masu ƙafa a jikin ƙyauren layi, mai gina sabon gida kuma ya bar dakali a waje.

Mu da za mu fita aikin koyarwa muna da namu rabo. In mun zo darasin labarin ƙasa, mu sa yara su zana taswirar unguwarsu, kowane ya nuna gidan wani tsoho da ya sani, da wurare uku da tsohon ke son zuwa. Su ƙirga taku nawa ne, titi nawa zai ƙetare, ina zai zauna ya huta. Abin da suka samo a kai wa mai unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai. Yaro ya koyi taswira da lissafi, ya kuma koyi kula da kakansa. In kuwa muka ga tsoho ya daina fita, ya daina cin abinci sosai, yana yawan ambaton gara ya mutu, kada mu tsaya jiran a gyara hanya. A ziyarce shi, a saurare shi, a kai shi wurin likita tun da wuri.